Yadda ake raya furen wardi a Yamai daga bazara zuwa ƙarshen damina

Duk wanda ya taɓa dasa wardi a tsakar gidansa a Yamai ya san abin da watan Afrilu ke yi. Iccen da ya cika da fure a Janairu, har baƙi na tambayar inda aka samo shi, sai a wayi gari ganyensa ya ƙone ta gefe kamar an kanga masa wuta. Furen ya ƙanƙance, bai fi goro girma ba, ya buɗe da hantsi, kafin azahar ya yi yaushi. A daidai nan ne mutane da yawa ke kashe iccensu da hannunsu, kuma da kyakkyawar niyya: a zuba masa takin zamani, a sassare rassan, a tumɓuke shi a sake masa wuri. Ni ma ta haka na rasa itatuwa 3 a shekarata ta farko, kuma har yau ina jin zafin ɗaya daga cikinsu, don daga gidan gwaggona na yanko reshensa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet da littattafan Faransa an rubuta su ne don ƙasashen da wardi ke barci lokacin sanyi, ya farka ya yi fure a Yuni da Yuli. Namu a juye yake. Wardi ya fi sakewa idan zafi na tsakanin digiri 15 zuwa 28. A Yamai kuwa, cikin Afrilu da Mayu zafin rana kan wuce 40 kusan kullum, wata rana ya taɓa 45, da dare ma da ƙyar yake sauka ƙasa da 27. Dubi wuraren da suka yi suna da wannan fure: Ɗa'ifa ta Saudiyya, wadda ake haɗa ruwan wardinta da zamzam wajen wanke Ka'aba, tana kan tudu mai tsawon mita kusan 1,800, Naibasha ta Kenya, inda ake yanko furannin da ke cika kasuwannin Turai, kusan mita 1,900. Yamai ba ta wuce mita 200 da wani abu ba. Saboda haka bazara a wurinmu ita ce lokacin hutun wardi. Ba a neman fure a wurinsa a wannan lokaci, ransa ake tsarewa. In ya fita bazara da ganye da saiwa lafiya, damina da lokacin ɗari za su biya ka.

Wurin da za a ajiye shi

Wardi na son rana, amma ranar safe. Nemi wurin da rana ke bugawa tun fitowarta har wajen ƙarfe 11, daga nan inuwa ta rufe shi. A yawancin gidaje wannan wuri shi ne gabashin ɗaki ko gabashin katanga. Kada ka dogara da katangar kudu: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan bi ta tsakar ka ne a Yamai, har ta ɗan karkata arewa, don haka katangar da ta ba ka inuwa a Disamba ba abin da za ta tsinana a Mayu.

Ka bar tazarar aƙalla santimita 60 tsakanin iccen da bangon siminti, kuma ka nisanta shi da ƙofar ƙarfe ko shingen kwano. Waɗannan suna shan zafi wuni guda, su yi ta amayar da shi har tsakar dare. Gindin dogon yaro ma bai dace ba, duk da inuwarsa mai daɗi, domin saiwarsa za ta bi danshi ta shigo ramin wardin ta shanye ruwan da ka zuba.

Idan gidanka fili ne fetal, kafa rumfa. Sanduna 4, tsawon mita 2, a ɗora tsohuwar zana wadda saƙarta ta saki, haske na ratsawa ɗigo-ɗigo. Ta yamma a rataya wata, ta gabas a bar shi a buɗe. Kada a yi rumfar da leda ko kwano, gasa shi za su yi. Sai batun awaki da tumaki: ƙaya ba ta hana akuya cin wardi, kuma cikin minti kaɗan za ta gama da aikin shekara. In akwai dabba a gidan, shinge ya riga komai.

Wane iri, kuma yaushe

Masu garka na bakin kogi, wajen Yantala da Gamkale, sun fi saninsa da sunan roz. Na taɓa tambayar wani dattijo a can, na ce, "Baba, wanne ne ba ya mutuwa?" Ya wuce waɗanda ke jere a gaba da manyan furanni, ya kai ni wurin wani tsohon icce a bayan rijiya, ya ce, "Ɗana, nemi ɗan wanda ya ga bazara a nan." Tun daga ranar da wannan nake auna kowane dashe. Ka tambayi mai sayarwa ya nuna maka uwar da aka yanko reshen. In tana nan a garkar, ta shekara biyu ko uku, to ɗanta zai iya gidanka.

Waɗanda suka fi jurewa a nan su ne masu ƙananan furanni da ke fitowa gungu-gungu, su yi ta yi ba hutu. Wannan hali na maimaita fure daga wardin ƙasar Sin aka gado shi. Masu dogon wuya da fure ɗaya babba, irin na kyautar biki, na farkon irinsu an fitar da shi ne a birnin Liyon na Faransa a 1867. Suna yi a nan, amma sun fi son lallashi, kuma a bazara su ke fara faɗuwa. Launi ma na da tasiri. Ja mai duhu kan ƙone ta baki-baki cikin rana, mai ruwan hoda da fari-fari sun fi riƙe kyansu.

Wani abin lura: akwai furen da ake sayarwa da sunan "roz na hamada", mai kumburarren gindi da furanni ja da fari. Wannan ita ce itaciyar da ake kira kariya, ba ta da dangantaka da wardi, kuma ruwan jikinta guba ne. Tana da kyau, tana jure fari, amma kada a sa furenta a shayi ko a bari yara su yi wasa da ita.

Kafin ka biya, juya ganyen ka duba bayansa, ka ɗaga ledar ka ga ko saiwa fara ce mai ƙarfi. Lokacin dasawa biyu ne: ƙarshen Yuni zuwa Yuli in damina ta zauna, ko Nuwamba in sanyi ya fara shigowa. Idan a tsakiyar bazara aka ba ka kyauta, bar shi cikin ledarsa a inuwa, ka yi ta ba shi ruwa har sama ta sauko.

Rami da tukunya

Haƙa rami santimita 50 faɗi, 50 zurfi. Cika shi da ruwa ka tafi harkarka. In ka dawo bayan awa 3 ko 4 ka tarar da ruwa kwance, akwai marmara a ƙasa. Ko dai ka fasa ta da diga, ko ka haƙura ka koma tukunya. A unguwanni da yawa matsalar akasin haka ce, rairayi ne zalla, ruwa na wucewa kamar an zuba a rariya. Maganinsa haɗi: kashi 2 na ƙasar ramin, kashi 1 na laka daga fadama, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki.

Ruɓaɓɓe nake nufi da gaske. Kashin shanu ko na awaki da aka tara a rami, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa wata 2 zuwa 3, har ya yi baƙi, ya daina wari, in ka cusa hannu ba ka jin ɗumi. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Toka kuwa a bar ta. Wardi na son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, toka na kashe wannan tsamin, daga baya sai ka ga sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kawai suka rage kore.

Mai zaman haya ko mai tsakar gida ta siminti, tukunya ce tasa. Ta ɗauki aƙalla lita 20, zurfinta ya kai santimita 40, a huda gindinta wuri 4 ko 5. Tukunyar ƙasa ta fi kowace, don tana gumi tana sanyaya kanta kamar randa. Baƙar roba da gwangwani in rana ta doke su dafa saiwa suke yi. In bido mai lita 25 kaɗai ke gare ka, yanke kansa ka yi amfani da shi, amma ka naɗe shi da buhun algarara ko tsohuwar tabarma. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, irin yadda ake yi don adana tumatir da alayyafo. Kuma kada tukunya ta zauna kai tsaye kan siminti, a ɗora ta kan katako.

Ban-ruwa, inda aikin yake

Komai na bazara a nan ya rataya. Lokacin ban-ruwa shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, don iccen ya sha ya ƙoshi kafin zafi ya far masa. A zuba a gindi, a hankali, kada ruwan ya tone ƙasa. Yi masa gurbi kamar faranti kewaye da gindin, faɗin santimita 60, don ruwan ya tsaya ya nutse maimakon ya malale.

Yayyafi kullum shi ne babban kuskure. Ruwa kaɗan-kaɗan saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta biyo shi sama, rana kuma ta same ta a can. Babban icce da ke cikin ƙasa, wanda aka rufe gindinsa, yana buƙatar wajen lita 10 duk kwana 2 a Afrilu da Mayu. Wanda bai shekara ba, lita 5 kullum. Na tukunya kullum ne ba fashi, a zuba har ruwa ya fito ta ƙasa, in iska mai zafi ta taso a ƙara da la'asar sakaliya. Waɗannan lissafi mafari ne kawai, ƙasar kowane gida da halinta. Yatsa ne alƙali: cusa shi har gaɓa ta biyu, in ka ji sanyi da danshi bari sai gobe, in ka ji bushewa ba shi.

Da tsakar rana za ka ga sabbin rassa sun sunkuyar da kai ko da ka ba da ruwa da safe. Kada hankalinka ya tashi. Ganye ne ke fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa. Jira magariba: in sun miƙe, lafiya lau, in har gari ya waye suna nan a lanƙwashe, to akwai ƙishirwa, ko kuma saiwa ta samu matsala. Mai ƙara ruwa duk sa'ad da ya ga yaushi zai ruɓar da saiwa cikin tukunya, kuma iccen da saiwarsa ta ruɓe kamanninsa ɗaya da mai jin ƙishirwa.

Tiyon da ya kwanta a rana ruwan cikinsa na iya ƙona hannu, balle saiwa. Tara na farkon a bokiti ya huce.

Kowa ya san yadda pampo ke ɗaukewa a wannan lokaci, wani zubin kwana biyu ba ɗigo. Ka ware bido 2 na wardi kaɗai, a inuwa. Ruwan alwala da wanda aka wanke shinkafa ko ganye da shi duk suna yi. Ruwan wanki mai omo ko jabel ba ya yi. Dabarar da na fi yabawa ita ce binne tulu: sabon tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya, tazarar santimita 25 daga gindin, a cika shi da ruwa, a rufe bakin da faifai ko tasa saboda sauro. Ruwan na tsattsafowa ta jikin tulun daidai yadda ƙasa ke bushewa, saiwa kuma ta zo ta rungume shi. Mai tulu a gindin iccensa yana iya tafiyar kwana 3 hankali kwance.

Wanda ke amfani da rijiya ko foraj mai ruwan zartsi zai ga farin gishiri na taruwa a bakin tukunya da saman ƙasa, gefen ganye na ƙonewa. Duk sati 2 a yi wa tukunyar wankan ciki: a zuba ruwa ninki 3 na abin da aka saba, a bar shi ya tsiyaye ya tafi da gishirin.

Rufe gindi

Ƙasar da rana ke duka kai tsaye ba a iya taka ta ba takalmi, to haka saiwar sama ke ji. A shimfiɗa ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa da ake samu wajen masu casa ta ɓangaren Saga da Kirkisoye, ko busasshen ganyen mangwaro da na dogon yaro, kaurin santimita 5 zuwa 8. A bar faɗin tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin iccen. Tsakuwa da duwatsun ado kyau kawai gare su, zafi suke tarawa.

Na san abin da za a ce: gara. Gaskiya ne tana zuwa, musamman in an sa karan gero. Amma gara ta fi son matacce, iccen da ƙishirwa ta riga ta raunana shi take hawa. Duk kwana 3 ɗaga shimfiɗar ka duba. In ka ga ta fara gini a jikin iccen, rushe ginin, ka kwashe shimfiɗar ka shanya ta a rana, ka mayar da ganyen dogon yaro a madadinta.

Hannu a aljihu

Daga tsakiyar Maris har damina ta zauna, almakashi ya huta. Ganyen da ya ƙone rabi, ko da ya yi muni, laima ce ga rassan da ke ƙarƙashinsa; in ka cire shi rana za ta ƙona ɓawon reshen ya yi baƙi, reshen ya mutu daga sama zuwa ƙasa. Takin zamani ma a ajiye shi, domin tura icce yake ya fitar da sabon toho mai laushi, wanda zafi zai cinye cikin kwana biyu, ga kuma gishirinsa a busasshiyar ƙasa. Icce ƙarami da bai shekara ba, ni ina tsinke masa ƙunshin fure tun yana kamar ƙwayar wake, don ƙarfinsa ya koma saiwa. Da wuya a zuciya, amma bambancin na fitowa a Agusta.

Maƙiyin bazara

Akwai wani ɗan ƙwaro da masu noman tumatir suka sani sarai, jan gizo-gizo, ƙanƙane har ido bai cika ganinsa ba. Zafi da ƙura da bushewar iska su ne abincin ransa, kuma cikin kamar sati guda ƙwai ya zama uwa. Alamarsa ita ce ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa gari, ya dusashe, daga baya a ga siririyar yana a bayansa, sai zuba. Don tabbatarwa, tara farar takarda a ƙarƙashin reshe ka kaɗa. In ƙurar da ta zubo tana tafiya, shi ne.

Maganinsa na farko ruwa ne. Sau 2 ko 3 a sati, da sassafe, a wanke bayan ganye da feshi mai ƙarfi daga ƙasa zuwa sama. A bazara ganyen na bushewa nan da nan, ba abin tsoro. In ya yi yawa, a koma ga dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Yamai ba ta rasa shi ba, tun daga 1965 aka fara kewaye birnin da shi. A tsinci ƴaƴan da suka zubo, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka. Gram 50 na dakakken, wato kamar cikin hannu guda, a lita 1 na ruwa. Ya kwana a jiƙe, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu kamar ƙwayar gyaɗa a ciki, a fesa bayan la'asar in rana ta yi sanyi, a bayan ganye musamman. Ba a ajiye ragowar. A maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, har sau 3. Fara gwadawa a reshe ɗaya ka ga yadda zai kwana. Feshin tsakar rana ƙona ganye yake. Magungunan ƙwari da ake sayarwa a kwalabe ba takarda, ban ba da shawararsu ba: da yawansu ba sa kashe wannan gizon, sai su kashe ƙwarin da ke cinsa, kuma a tsakar gida ne, inda yara ke rarrafe.

Darɓa kan taru a kan sabon toho, ita ma ruwan sabulu ko murjewa da yatsa ya ishe ta. In ka ga an yanke gefen ganye zagaye sumul kamar da almakashi, wata ƙaramar zuma ce ke ɗiba don gina gidanta, ba ta da lahani.

In hadari ya taso

Ruwan farko a Yamai da iska yake zuwa, jan hadari daga gabas, ƙura a gaba ruwa a baya. Tun a Mayu kafa wa dogayen rassa sanda ka ɗaure da tsumma, ka ƙarfafa rumfar ko ka sauke zanar in ka ga gabas ta haɗe, kada ta faɗo kan iccen. Kuma ruwan farko ba damina ba ne. Sau da yawa akan yi sati 2 bayansa ba ɗigo, ga zafi mai gumi. Ci gaba da ban-ruwa, yatsa na gaya maka gaskiya.

In ruwa ya jeru, ƙasa ta jiƙu har ciki, galibi ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin tashin wardi ya yi. Wasa almakashinka, ka goge shi da alkol. Fara da matattun rassa, ka yanke har inda cikin reshen ya koma fari. Sai waɗanda ke gugar juna, da sirara da ke cunkushe tsakiya. Ragowar a rage musu tsawo, kada ya wuce kashi 1 cikin 3. Kowane yanka a yi shi a karkace, rabin santimita sama da idon toho da ke kallon waje, don sabon reshe ya fita waje, iska ta samu hanya a tsakiya. Idan iccenka mai aure ne, wato an haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, duk tohon da ya fito daga ƙasan wurin auren na uwar gindi ne, ba zai ba ka furen da ka saya ba. Tone ka fizge shi daga tushe.

Bayan aski sai abinci. Ruɓaɓɓen taki cikin hannu 3 ko 4 a barbaɗa a gurbin. Mai son ƙarawa da na zamani, 15-15-15 da ake samu ko'ina ya isa: babban cokali 1 ga babban icce, ƙaramin cokali 1 ga na tukunya, a zagaya da shi tazarar santimita 20 daga gindi, kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. Sau ɗaya a wata har Satumba. Zanar rumfa a janye ta sannu-sannu cikin sati guda. Daga yanka zuwa fure sati 6 ne ko 7.

Yawancin ruwan Yamai, milimita 500 zuwa 600 a shekara, cikin Yuli da Agusta yake sauka, don haka damuwar ta juye. Gurbin da ka yi don tare ruwa, yanzu fasa masa hanya. Tukwane a ɗora su kan bulo, a zubar da duk ruwan da ya taru a ƙarƙashi. Wankan ganye a daina. Cutar wannan lokaci ita ce baƙin tabo: ɗigo baƙi mai gefe kamar gashi, ganyen ya yi rawaya ya faɗi, daga ƙasa take farawa. Ganyen da ya daɗe a jiƙe take kamawa, kuma faɗuwar ruwa ce ke watsa ta daga ganyen da ya zube. Tsinke duk wanda ya kamu, ka share na ƙasa, ka kai shara, kada ya shiga ramin taki.

Furen da ya gama, kada a bar shi ya ƙulla ɗa. Bi reshen ƙasa har ganye na farko mai ƙananan ganye 5, ka yanke sama da shi. Daga nan sabon fure zai taso.

Ƙara iri

Ranar 3 ga Agusta, da ƙasa ke bikin dashen itatuwa, ita na mayar ranar yankan reshe, don iska na da danshi kuma ba na mantawa. Zaɓi reshen da bai daɗe da gama fure ba, kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20, mai ido 4. Yanke ƙasan daf da ido, cire ganye duka ban da biyu na sama. Soka rabinsa cikin leda mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, ka kifa masa gorar ruwa ta roba da aka yanke gindinta, murfin a buɗe. Inuwa mai haske, danshi ba caɓi ba. Saiwa kan fito cikin sati 4 zuwa 8. Kada ganin sabon ganye ya sa ka ja shi don dubawa, reshe na iya toho da ƙarfin jikinsa tun bai yi saiwa ba. Ba duka ke kamawa ba, saboda haka soka 10. Waɗanda suka yi, Nuwamba ta same su a shirye, har da na ba maƙwabta.

Cin moriyarsa

Furen ɗaki da sassafe ake yankansa, lokacin da ƙunshin ya fara sakin baki bai gama buɗewa ba. Tafi da bokitin ruwa, kana yanka kana tsomawa. A ɗaki sake yanke ƙasan a karkace, cire duk ganyen da zai nutse, ka sa a kwalbar da aka wanke tas. Canza ruwa kullum, ka rage ɗan ƙasan reshen duk kwana 2, ka nisanta kwalbar da taga mai rana da iskar fanka da kwandon mangwaro ko ayaba, don nunannun ƴaƴan itace na sa fure saurin zuba. A zafin damina kwana 3 ko 4 zai yi; na Disamba yakan kai sati.

Masu ƙamshi kuwa, ko sun fara zuba ba a yar da su. A tsinke ganyen furen a baza a faifai cikin ɗaki, ba a rana ba, kwana 3 zuwa 5 har ya yi ƙaras-ƙaras, a zuba a kwalba mai murfi. Kaɗan daga ciki a shayi na biyu yana canza masa ƙamshi gaba ɗaya, mata kuma na haɗa shi cikin turaren wuta ko su sa a akwatin tufafi. Ruwan wardi na gida ma ba wuya: cikin hannu 2 na ɗanyen ganyen fure a tukunya, ruwa daidai ya rufe shi, a rufe, wuta ƙasa-ƙasa minti 20 zuwa 30 ba tare da ya tafasa sosai ba, har launin ya koma cikin ruwan. A tace, a sa a firigo, a yi amfani da shi cikin sati guda. Bai kai ƙarfin na Ɗa'ifa da ake turarawa a tatsa ba, amma ya isa shafa a fuska da yayyafa wa baƙo a hannu. Duk abin da za a sha ko a shafa, daga iccen da ka san ba a fesa masa maganin kanti ba za a ɗiba; furen kyauta da aka sayo a naɗe cikin leda na kallo ne kawai.

Da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba, zafi kan dawo cikin Oktoba na ƴan makonni. Gyara gurbin, sabunta shimfiɗar gindi, ka koma ban-ruwan asuba, takin zamani kuma a dakata. In dare ya fara sanyi a farkon Nuwamba, sai a yi babban aski, a rage rassan zuwa rabi, a ba da taki. Manyan furanni masu cikakken launi da ƙamshi za su buɗe daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu.